Aikin ƙafar Corolla a tsakar gida: abin da na rubuta rana-rana

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Da safe ina wanke mota na murɗe sitiyari gaba ɗaya don in kai soso cikin ƙafa, sai idona ya faɗa kan tayar gaba ta hagu. Daga waje kamar sabuwa. Daga ciki kuwa, faɗin yatsa biyu ya side sumul, saura kaɗan waya ta leƙo. Ta dama ita ma ta fara, amma ba ta kai haka ba. Na shafa tafin hannuna a kan tayar: in na ja daga ciki zuwa waje santsi, in na dawo sai haƙora su kama ni kamar na zarto.

Tayoyin nan ba su cika wata tara ba. Kuma sau biyu ina kai motar alaimen, wato saitin ƙafa, a bana, na biyun ma a wurin masu kwamfuta, aka liƙa wa ƙafafun madubai, aka nuna min allo ya yi kore, na biya na tafi. Abin da na tuna yau shi ne, a duka zuwan biyu babu wanda ya ɗaga motar ya girgiza ƙafar, babu wanda ya tambayi iskar da ke cikin taya. Tun da Naira ta faɗi kuɗin taya ya zama abin da malamin makaranta zai zauna ya yi wa lissafi, ko da beljiyam ce. Na yanke shawara ba zan sa sabuwa ba sai na gane da idona abin da ke cin tsohuwar.

Motar Corolla ce LE ta 2006, shigowar Amurka, taya 195/65R15 a kan rim ɗin ƙarfe. Na ware littafin eksasais guda saboda ita.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yau girgiza kawai. Na sa birkin hannu, na tokare tayoyin baya da bulo, na ɗaga hagu da jak, na cusa guntun gungumen katako a ƙarƙashin jikin motar. Jak shi kaɗai ba abin da mutum zai miƙa wa hannunsa ba ne, balle kansa.

Na kama taya sama da ƙasa na jijjiga, shiru. Na kama ta gaba da baya, sai ga wani ɗan ƙas-ƙas. Na kira babban ɗana ya ci gaba da jijjigawa, ni kuma na dafa kan tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa, da yatsu. Nan ne. Robar da ke rufe da shi ta yage, giris ya ƙare, ƙasa ta shiga ta yi aikinta. Ta dama lafiya lau.

To ka ga inda kuɗina suka tafi. Ƙafar da ke da wasa, ko wane irin inji ka sa ka saita ta, da zarar ta hau kwalta za ta tsaya inda ta ga dama.

Na auna iska da ɗan ma'aunin da na saya tuntuni na jefa a dashbod. Hagu 38, dama 27. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce 30. Mai facin unguwarmu da babban yatsa yake awo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa, nan Kano, da tsohon kan tayarod ɗin a leda. Fitar da shi sai da na nemi Baba, tsohon bakaniken da ke bayan layinmu, don na yi ta dukan abin jiya da yamma ya ƙi sakuwa. Shi da ya zo, noti ya sassauta bai cire gaba ɗaya ba, ya daki gefen ƙarfen da kan ya shiga ciki sau biyu da guduma, sai ga shi ya faɗo. Ashe ba kan ake duka ba, mazauninsa ake duka.

Ya ce, "Malam, ƙirga juyin da za ka yi wajen kwance shi, sabon ma ka mayar haka."

Na ƙirga 17. A kasuwa an ajiye min kala uku, kowanne da kuɗinsa, na ɗauki na tsakiya. Da na dawo na jera shi da tsohon a kan benci, sai na ga sabon ya ɗan fi gajarta, abin da bai wuce kaurin kwali ba. Na nuna wa Baba.

Ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne."

Na yi shiru, don ba a musu da mutumin da ya shekara arba'in a ƙarƙashin mota, amma na rubuta a littafi. Na mayar da juyi 17, na ɗaure, na sa sabon fin a notin. Da na tuna ban auna ƙafar ba kafin in taɓa ta sai na ji haushin kaina, don da yanzu ina da abin kwatantawa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Rana ta tafi a banza, ko kusan haka.

Na fara da daɓen tsakar gida. Magini ya yi masa gangara saboda ruwa, kuma daidai ya yi, amma ga wannan aiki matsala ce. Na ari siririn tiyo mai haske wurin maƙwabcina magini, irin wanda suke cika wa ruwa su fitar da lebur, na auna wurare huɗun da tayoyi za su zauna. Wurin tayar gaba ta dama ya fi sauran yin ƙasa, da milimita 14. Na jera ragowar tayil har ya cike, na zana wuraren da alli.

Sai na yi abin da na ga ana yi a bakin titi: na ɗaura zare a bayan mota, na zagayo da shi ta kan kumatun tayar baya, na miƙe shi zuwa gaba, ina duban yadda zai taɓa tayar gaba. Duka ɓangarorin biyu suka nuna min ƙafafun ba daidai suke ba. Har na ɗauko sifana. Abin da ya tsayar da ni, na ga zaren ba ya bin jikin motar, yana yin waje a hankali.

Na koma na duba awon motar. Tazarar tayoyin gaba milimita 1,480 ce, ta baya 1,460. Wato gaba ya fi baya faɗi da milimita 20, goma kowane gefe. Zaren da ya kwanta a kan taya ta baya ya zo ya kwanta a kan ta gaba ba zai taɓa zama a miƙe da tsakiyar mota ba. Ga kuma kumatun taya da rubutu da kumburi, ba wurin awo ba ne. Da na bi wannan zare da na ƙara lalata abin da hannuna, kuma da na rantse na gyara.

Uwargida ta leƙo ta ga ni tsugune tun hantsi da zare a hannu, ta tambaya ko saƙa na koma.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau aka yi awo na gaskiya, don haka zan faɗe shi dalla-dalla.

Na sayi bututun wayar lantarki biyu na ƙarfe, kowanne ya fi motar faɗi. Na haɗa su gefe da gefe na ɗaure, na yi musu tsaga da zarto a lokaci guda, biyu a wannan kai, biyu a wancan, don tazarar tsagogin ta zama ɗaya babu ko tantama. Ɗaya na ɗora a gaban mota a kan bulo, ɗaya a baya, tsayinsu daidai cibiyar taya. Zare biyu suka tashi daga bututun gaba zuwa na baya, kowanne a cikin tsagarsa, da galan ɗin ruwa a rataye yana jan sa. Tunda tazarar gaba da ta baya ɗaya ce, zarurrukan biyu dole su tafi a jere, ba su haɗewa ba su rabewa. Abin da nake koya wa 'yan aji biyu ke nan a allo, yau ya yi min rana.

Zaren ma sai da aka sha fama. Na magina ya yi kauri, kaurinsa kaɗai ya kai milimita biyu. Na tela ya tsinke sau uku. Na ƙare da zaren roba na masu ɗinkin takalmi, siriri kuma ba ya tsinkewa.

Abin da ya ci lokaci shi ne saka motar a tsakiyar wannan akwati. Na cire murfin tayoyi, ina auna daga zare zuwa cibiyar kowace ƙafa. Dole hagu da dama na gaba su zo ɗaya, hagu da dama na baya su zo ɗaya, ko da na gaba da na baya sun bambanta. Ka matsar da bututun gaba kaɗan, na baya ya goce. Ka gyara na baya, na gaba ya motsa. Ɗana yana can yana turawa ina nan ina karanta rula.

"Abba, wai har yanzu?"

"Saura rabin milimita."

"Rabin milimita ko ƙuda ai ya fi shi."

Minti arba'in muka yi. Daga nan na daidaita sitiyari a tsakiya, na tokare shi da sanda a jikin kujera, na auna daga zare zuwa leɓen rim, gaba da baya, a kowace ƙafa. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In gaban rim ya fi bayansa nisa da zare, ƙafar ta tsuke ciki. In gaban ya fi kusa, ta buɗe waje kamar tafiyar agwagwa.

Hagu: gaba milimita 61, baya 65. Ta buɗe da 4.
Dama: gaba 63.5, baya 63. Ta tsuke da rabi.

Rim ɗin ƙarfe da ya sha ramukan damina ba a yarda da shi haka nan. Na sa alli inda na auna, muka tura motar har taya ta yi rabin zagaye, na sake daidaita akwatin, na sake aunawa. Bambancin bai kai rabin milimita ba, rim ɗin bai lanƙwashe ba.

Jimilla ƙafafun sun buɗe da milimita 3.5. Littafin Toyota ya ba wannan mota sifili, da rangwamen milimita 2 ko ta ciki ko ta waje. Amma a kula, su a kan fuskar taya suke awonsu, mai faɗin kusan milimita 635, ni kuwa a leɓen rim nake, kusan 410. Milimita 2 ɗinsu a wurina bai kai ɗaya da rabi ba. Uku da rabina kuwa rabin digiri ne. Na buga lissafin don in ga girman abin: rabin digiri a raba wa taya biyu, kowace ana jan ta a kaikaice fiye da mita huɗu a duk kilomita ɗaya. Daga nan zuwa Zariya ka lissafa da kanka.

Wannan kuma bayan na mayar da juyi 17 cif. Kaurin kwalin nan da aka ce ba komai ba ne, da shi a ciki.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Kafin in taɓa komai na sa tayil biyu-biyu a ƙarƙashin tayoyin gaba, fuska da fuska, da giris a tsakani. In ba haka ba roba tana riƙe siminti, ka juya ƙarfe ƙafar ba ta bi ba sai daga baya.

Na sassauta notin da ke kulle tayarod. A wannan mota tayarod yana bayan cibiyar ƙafa, saboda haka in ka tsawaita shi yana tura bayan taya waje, gabanta ya shigo ciki. Abin da hagu ke buƙata ke nan. Na san wannan sarai, na rubuta shi da babban baƙi, amma ina kwance a ƙasa kaina a juye sai na murɗa ta baibai. Awo ya tashi daga 4 ya haura 6. Daga nan na daina tunanin dama da hagu, na koma kallon haƙoran ƙarfen: in suna ƙara fitowa, ya tsawaita.

Kuskure na biyu, ban saki ɗan zoben da ke riƙe bakin robar da ke rufe tushen tayarod ba, sai robar ta murɗe kamar an matse wanki. Allah ya sa na gani kafin ta yage.

Kuskuren farko ya ba ni abu guda mai amfani: na gane juyi ɗaya cikakke yana kawo kusan milimita huɗu da rabi a leɓen rim. Sandar tana da fuska shida inda sifana ke kamawa, ke nan kowace fuska kashi uku cikin huɗu na milimita. Na ɗiga wa fuska ɗaya fenti don in riƙa ƙirga.

Bayan na gama: hagu ta tsuke da rabi, dama da rabi. Na ɗaure notin, na sake aunawa don ɗaurewa kan motsa abu, na tura motar baya da gaba, na danna gabanta sau uku, na sake. Bai canza ba. Juya ƙarfen kansa bai ci minti goma ba.

Na fita gwaji bayan la'asar. Motar ta daina wannan ɗan yawon da take yi a kan kwalta, wanda na saba da shi har na ɗauka halinta ne. Sai dai sitiyari ya karkata dama kamar faɗin yatsa ɗaya.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ranar tsaftar muhalli, babu fita da safe. Bayan mun share kwata na sake kafa akwatin, yanzu minti goma sha biyar ya ishe mu.

Na auna ƙafafun baya, abin da ya kamata in yi tun makon jiya tunda zaren na nan. Hagu ta tsuke da 2, dama da rabi. Wato bayan motar yana ɗan kallon dama, ni kuwa na saita gaba da tsakiyar jikin mota. Bayan wannan Corolla ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun biyu, babu wurin saiti, don haka gaba ne zai bi baya. Na tsawaita tayarod na hagu fuska ɗaya, na rage na dama fuska ɗaya. Jimillar ba ta canza ba, sitiyari ya dawo tsakiya.

Baba ya biyo ya tsaya yana kallon bututu da galan. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce da can da igiya su ma suke yi wa Fijo, kafin a kawo injuna. Ya tsugunna ya karanta rular da kansa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Akwai abin da ya ƙi kwanta min. In buɗewar ƙafa ce kaɗai, a kan hanya tayoyin biyu raba ta suke yi, ya kamata su cinye kusan daidai. Me ya sa hagu ta fi? Sannan ko a shimfiɗaɗɗen titi in na sassauta hannu motar tana zarcewa dama a hankali. Na musanya tayoyin gaba ranar Laraba don in ga ko taya ce ke ja, ba ta sake zani ba.

Yau na auna kamba, wato jinginar taya in ka tsaya a gaban mota kana kallonta. Na rataya noti a zare daga saman mudgad ya sauko ta tsakiyar ƙafa, na tsoma notin a gwangwanin baƙin mai don iska ta daina kaɗa shi, hunturu ya fara busowa. Na auna zuwa leɓen rim sama da ƙasa.

Dama: sama ya shige ciki da 3.5, kusan rabin digiri, abin da ake so ke nan.
Hagu: sama ya shige da 10, kusan digiri ɗaya da rabi.

Ƙafar hagu gwame ce. Nauyin motar a gefen ciki na tayar yake zaune, ga wasan tayarod a kai. Bambancin da aka yarda da shi tsakanin ƙafafun biyu kashi uku cikin huɗu na digiri ne, nawa ya wuce. Kuma mota tana ja ne zuwa ɓangaren da tayarsa ta fi miƙewa tsaye, wato dama a nan. Na san ramin da ya yi wannan aiki. Cikin watan Agusta ne, da dare, ruwa ya rufe shi, muna dawowa daga ɗaurin aure.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Shok ɗin gaba yana haɗe da ƙafa da manyan kusoshi biyu. Baba ya ce akwai ɗan sarari a ramukansu, wani lokaci duka yakan tura ƙafar ta zauna a ƙarshensa. Ya zo da doguwar sifanarsa, muka sassauta su, ɗana ya jawo saman ƙafar waje da ƙarfinsa, Baba ya ɗaure. Notocin taya na ɗaure su da sifana mai awon ƙarfin ɗauri da na aro, na sa ta a kan 103 Nm.

Kamba ta sauko daga 10 zuwa 8. Bambancin ya shigo cikin iyaka, da ƙyar. Jan ya ragu, bai tafi duka ba. Baba yana zargin shok ɗin ya ɗan lanƙwashe. Ni ina ganin a fara gwada kusoshin saiti da Toyota ke yi wa wannan wuri, masu siririn jiki, kafin a kai ga sayen shok, don shi ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Mun bar maganar a nan.

Taɓa kamba ya motsa tsukewar hagu da milimita ɗaya da rabi, sai da na sake kafa zare na mayar da ita. Minti ashirin da biyar, har da neman rula da ƙaramar 'yata ta kai ɗaki.

Sababbin tayoyi sai albashi ya shigo. Kafin nan na dawo da na baya gaba, na auna zurfin zanen kowace a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, da tsinken ashana da rula. Hagu 5, 5, 5. Dama 5, 5.5, 5. Na rubuta lambar da ke kan mita. Motar mil take ƙirgawa, in ta ƙara 1,000 zan sake aunawa. Bututun biyu na rataye su a bangon gareji, magini kuma ya aiko a mayar masa da tiyonsa.